HANKALI AMANA CE: SHIN TSIRO YANA BUƊE ƘOFAR GAIBU?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya fitar da tsirrai iri-iri daga ƙasa, wani abinci, wani magani, wani kuwa dafi, sa'an nan Ya ba ɗan Adam hankali don ya rarrabe tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, musamman na ƙasar Gwarzo da Kabo, tun daga Getso da Kutama da Lakwaya har zuwa Garo da Gude da Durun, dalilin rubuta wannan ɗan littafi shi ne wata magana da ke yawo a bakin wasu samari. Suna cewa wai akwai wani naman kaza na daji a ƙasashen waje, wanda in mutum ya ci sai idonsa ya buɗe, ya ga abin da ke ɓoye, har wai ya ji ya kusanci Ubangiji. Suna ƙarawa da cewa ai mutanen asali na waɗancan ƙasashe sun daɗe suna ibada da shi, yanzu kuma likitocin Turai sun dawo suna bincike a kansa. Daga nan sai wani ya ce, to mu ma ai muna da namu a bayan gida, watau zaƙami.

Wannan magana ta fi ta mai shan ƙwaya don ya manta da damuwarsa haɗari, domin wancan ya san saɓo yake yi, ana sa ran wata rana ya tuba. Amma wanda ya sa wa maye rigar addini, yaushe zai tuba daga abin da yake ganin ibada ce? Saboda haka za mu kawo labarin yadda yake, ba ragi ba ƙari, sa'an nan mu auna shi da Alƙur'ani da Sunna da lafiyayyen hankali.

MENE NE WANNAN NAMAN KAZA?

Duk yaron da ya taɓa kiwo ya san abin nan mai kama da 'yar laima da ke fitowa da damina a gindin itace, ko kan juji, ko kan kashin shanu. Wasu na ce masa naman kaza, wasu laimar kwaɗi. Iri-iri ne. Akwai wanda ake miya da shi a wasu ƙasashe. Akwai wanda ke lalata hanta, ya kashe mutum cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma wani rukuni, wanda nau'o'insa a duniya sun haura 100, mai ɗauke da sinadarin da ake kira silosaibin. Wani masanin harhaɗa magunguna mai suna Albert Hofmann, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, shi ya fara ware wannan sinadari a 1958. Idan ya shiga jiki yana kama da wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, sai ya zauna a gurbinsa kamar jabun mabuɗi da ya shiga kwaɗo. Daga nan launuka su riƙa motsi, bango ya zama kamar yana numfashi, lokaci ya rikice wa mutum, wani ya cika da murna, wani ya cika da firgici, har kamar awa 4 zuwa 6.

Mu sani tun da fari, naman kaza a kan kansa ba haram ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'idu ɗan Zaidu, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yabi wani danginsa da ke fitowa a cikin rairayi, wanda Larabawa ke kira kam'a, har ya ambaci amfanin ruwansa ga ido. Maganarmu a kan mai gusar da hankali ce kawai.

LABARIN MUTANEN MAZATEK

A ƙasar Meksiko, kudu da Amurka, akwai mutanen asali da Turawan Sifen suka tarar lokacin da suka ci ƙasar a 1521. Wani limamin Kirista mai suna Sahagun ya rubuta a wannan ƙarni cewa suna cin wani naman kaza da dare a wurin bukukuwansu. Ya ce wani yakan ga kansa ya mutu a yaƙi, wani ya ga naman daji ya cinye shi, wani ya ga ya yi dukiya. Coci ta hana abin, sai ya koma ɓoye a cikin duwatsu ɗaruruwan shekaru.

Daga cikin waɗanda suka riƙe shi akwai ƙabilar Mazatek, a wani gari na kan tudu da ake kira Wautla, cikin jihar Wahaka. A wurinsu abin ba na wasa ba ne. Ba a cinsa sai da dare, a cikin duhu, galibi in wani ba shi da lafiya, kuma a gaban mai maganin da ya san al'adar, bayan an ƙaurace wa iyali na wasu kwanaki. Suna girmama shi har suna kiransa da sunan 'yan yara tsarkaka, suna ganin shi ke magana ta bakin mai magani ya faɗi asalin cutar. Da yake sun karɓi Kiristanci, sai suka gauraya wannan da sunayen waliyyan coci.

A 1955 wani babban ma'aikacin banki daga Niyok, Gordon Wasson, ya isa garin. Ya samu wata mai magani, Mariya Sabina, ya nuna mata cewa damuwa da halin da ɗansa ke ciki ce ta kawo shi, ta yarda ya ci tare da su. A watan Mayu na 1957 sai ga labarin da hotuna a mujallar Life, wadda miliyoyin mutane ke karantawa. Ya ɓoye sunanta da na garin, amma ba a daɗe ba aka gano. Cikin shekarun 1960 samarin Amurka da Turai suka yi ta kwarara zuwa Wautla, ba ciwon komai gare su ba, sai dai wai sun zo neman Allah. Suna ci da rana tsaka, a bakin hanya, ba ladabi ba ƙa'ida. 'Yan sanda da sojoji suka shigo garin, aka tuhumi matar, mutanen garinta suka ɗora mata laifin tona asirinsu, aka ƙone gidanta. Ita da kanta ta faɗa daga baya cewa tun da baƙi suka zo abin ya rasa ƙarfinsa. Ta mutu a 1985 cikin talauci, alhali ana sayar da hotonta a jikin riguna. Shi ma Wasson ya bayyana nadamarsa a rubuce. A 1971 kuwa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sinadarin cikin jerin waɗanda aka fi tsananta hani a kansu.

Ba a Meksiko kaɗai ba. A 2024 masu bincike a Afirka ta Kudu sun bayyana wani nau'i da ke fitowa kan kashin shanu a can da ƙasar Lesoto, suka kuma rubuta cewa masu maganin gargajiya na ƙabilar Basoto suna amfani da shi wajen duba. Ashe dai ɗan Adam ɗaya ne ko'ina: yana son leƙa bayan labule.

NAMU NA GIDA

Mu ma nan ƙasar Hausa wannan kwaɗayi ba baƙo ba ne. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe na dutsen Dala, wanda yakan shiga wurin Tsumburbura shi kaɗai da dare, ya fito ya gaya wa jama'a abin da wai zai faru a shekara. Ana cikin haka Wangarawa suka zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. A wannan yanki namu na yammacin Kano har zuwa ƙasar Malumfashi akwai Maguzawa, manoma masu ƙwazo, waɗanda kakanninsu ke yanka wa iskoki, suna dafa giyar dawa a bukukuwansu. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya buga littafi a kan addininsu a 1946. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, Allah Ya ji ƙansa, a littafinsa Nurul Albab ya yi kashedi mai tsanani ga masu cewa su Musulmi ne amma suna girmama itatuwa da duwatsu, suna zuwa wurin masu duba.

Tsiron da ya fi kusa da wancan a wurinmu shi ne zaƙami, wanda ake ce wa babba-jibji. Kowa ya san shi a kan juji da kangon gida: faffaɗan ganye, fure kamar kakaki, ɗa mai ƙaya cike da ƙwayoyi. Masu maganin gargajiya sun yi aiki da ganyensa wajen ciwon fuka. An san wasu samarin Fulani da shansa lokacin sharo don kada su ji zafin bulala. Ɓarayi sun sa wa matafiya shi a abinci don su kwashe kayansu. A yau kuma wasu marasa tsoron Allah suna zuba shi a zoɓo ko shayi a wurin biki.

Ku lura da sunan da kakanninmu suka laƙaba masa: haukata-yaro. Ba su ce masa buɗe-ido ba. Sun faɗi abin da suka gani. Likitoci sun bayyana cewa dafinsa yana toshe hanyar da jijiyoyi ke isar da saƙo. Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe har mutum ya kasa kallon haske, zuciya ta riƙa gudu, jiki ya yi zafi ba gumi, fitsari ya ƙi fita. Sai ka ga saurayi yana hira da wanda ba ya nan, yana tsintar abin da babu a ƙasa, yana tuɓe tufafinsa a gaban surukansa. Wani ya kwana biyu a haka, in ya farfaɗo bai tuna komai ba. Wani kuwa ba ya farfaɗowa. Ƙarfin dafin ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, saboda haka duk wanda ya ce maka ya san awo, wallahi ƙarya yake yi.

TAMBAYAR DA KE GABANMU

To, shin abin da mutum ya gani bayan ya ci irin waɗannan tsirrai ilimi ne? Shin ana isa ga gaskiya, ko ga Allah, ta hanyar kawar da hankali? Amsarmu ita ce a'a, ga kuma dalilai.

Na ɗaya. Hankali shi ne wurin da Allah ke yi wa bawa magana. Da shi aka ɗora maka salla da azumi, da shi ka san akwai Mahalicci, da shi ka gane Annabi mai gaskiya ne. Ya tabbata a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, da yaro, da mahaukaci. Suratul Mulk, aya ta 10, ta nuna nadamar 'yan wuta ita ce rashin saurare da rashin aiki da hankali. Suratun Nisa'i, aya ta 43, ta hana kusantar salla cikin maye, ta kuma faɗi dalili, watau sai mutum ya san abin da yake faɗa. To ɗan'uwa, in salla, wadda ita ce mafi girman ganawa da Ubangiji, ba ta yiwuwa sai da hankali, yaya za a ce akwai wata ganawa da ta fi ta wadda ba ta yiwuwa sai an kore shi? Mai wannan da'awa kamar wanda ya kashe fitila ne don ya karanta wasiƙa.

Na biyu. Abin da ake gani yana bin abin da ke cikin kan mai gani. Mutanen Mazatek suna ganin waliyyan coci da iskokin duwatsunsu. Ɗan Amurka yana ganin abin da ya karanta a littattafansa. Ɗan Kabo da ya sha zaƙami ba zai ga dusar ƙanƙara ba, abokinsa na majalisa zai gani, ko kura, ko mai binsa bashi. Ko a labarin Sahagun, mutane sun ci abu ɗaya a dare ɗaya, kowa ya ga nasa daban. Da taga ce aka buɗe, ai da duk wanda ya leƙa abu ɗaya zai gani. Tun da kowa kansa yake gani, ashe madubi ne, madubin ma fasasshe.

Na uku. Ƙarfin ji a zuciya ba hujja ba ne. Za su ce maka, "Kai dai ba ka ɗanɗana ba ne, da ka san gaskiya ne." To mai zazzaɓin da ya hau kai ma yana rantsuwa ya ga mutane a kan rufi. Wanda ya tabu yana da yaƙinin shi sarki ne fiye da yaƙininka da sunanka. Gaskiya ana gane ta da hujjar da wani zai iya dubawa yana cikin hayyacinsa. Shi ya sa addininmu ya zo da Littafi da ake karantawa da rana tsaka, da hadisai da malamai suka tantance masu ruwaito su ɗaya bayan ɗaya. Alƙali ba ya karɓar shaidar mashayi a kan akuya, sai mu karɓe ta a kan Allah?

Na huɗu. Gaibu na Allah ne. Suratun Naml, aya ta 65, ta kore saninsa daga duk wanda ke sammai da ƙasa. Suratul Jinn, aya ta 26 da 27, ta nuna ba Ya bayyana shi sai ga manzon da Ya yarda da shi. Ƙofar nan daga ciki ake buɗe ta, Mai ita ke buɗewa, ga wanda Ya zaɓa, an kuma rufe annabci da Annabi Muhammadu (S.A.W.). Wanda ya ce ya samo mabuɗinta a kan juji, ko dai ruɗin ƙwaƙwalwa ne, ko wasan shaiɗan, domin ba abin da shaiɗan ke so irin gidan da mai gadi ya bar ƙofa. Aya ta 6 a wannan sura ta ba da labarin mutanen da ke neman tsari da aljannu, abin bai ƙara musu komai ba sai wahala.

Na biyar. Addini ya cika, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 3. Da akwai alheri a wannan hanya, da Annabi ya nuna mana, da Abubakar da Umar sun riga mu. Wannan fitina ta taɓa shiga cikin Musulmi. Malamin tarihi na Masar, Maƙrizi, ya kawo labarin da ake bayarwa cewa wasu fakirai a Hurasan, mabiyan wani mai suna Haidar, sun riƙi tabar wiwi a matsayin sirrinsu, suna ganin tana taimaka musu. Ina ta kai su? Ta fita daga hannunsu ta zama annobar kasuwa. Haka bidi'a take: ta fara da sunan kusanci, ta ƙare a kwata.

SHUBUHOHI DA AMSOSHINSU

Idan wani ya ce: "Ai Allah ne Ya halicce shi, tsiro ne, ba a masana'anta aka yi shi ba." Sai mu ce: Allah ne Ya halicci kububuwa, ka taɓa sa ta a aljihu? Gaskiya ne Suratul Baƙara, aya ta 29, ta nuna an halitta mana abin da ke ƙasa, amma kowane abu da muhallinsa. Suratul A'araf, aya ta 157, ta raba masu daɗi da miyagu. Dawa halal ce, in ta zama burkutu ta haramta.

Idan ya ce: "Giya aka ambata a Alƙur'ani, ba a ambaci zaƙami ko naman kaza ba." Sai mu ce: lokacin da Abu Musal Ash'ari ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da abubuwan shan mutanen Yaman, na zuma da na sha'ir, bai tsaya kan sunayensu ba, sai ya ba shi ƙa'ida da ta haramta duk mai sa maye. Sayyidina Umar kuma ya bayyana a kan mumbari cewa ma'anar giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Duba Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, a tarjamar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ka ga illolin da aka ambata: gaba, ƙiyayya, da kange mutum daga ambaton Allah da salla. Wanne ne babu a zaƙami?

Idan ya ce: "Gadon kakanni ne." Sai mu ce: gado iri biyu ne. Sanin kakanninmu game da sabara da marke da zogale abin riƙewa ne, har a ƙara bincike a kai. Amma abin da ya saɓa wa tauhidi, daɗewarsa ba ta mai da shi gaskiya. Suratul Baƙara, aya ta 170, ta riga ta amsa wa masu wannan hujja.

Idan ya ce: "Mafarki ma ai ba da hankali ake yinsa ba, kuma akwai na gaskiya." Sai mu ce: barci rahama ce da Allah Ya ɗora wa kowa, mafarki nagari kuwa kyauta ce da ba a sayenta a kasuwa, ba a kuma tilasta ta da sha. Duk da haka malaman Sunna sun haɗu a kan cewa ba a gina hukunci a kan mafarki. In wanda shari'a ta yaba ma bai zama hujja ba, ina ga wanda ta hana?

Idan ya ce: "Likitoci na magani da shi." Sai mu ce: wannan gaskiya ne a wani ɓangare, ba za mu ɓoye ba. A 2023 ƙasar Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da silosaibin ga masu ciwon baƙin ciki mai tsanani da ya gagari sauran magunguna. Haka kuma sinadarin atirofin, wanda ke cikin zaƙami da danginsa, da shi ake ceto manomin da maganin feshi ya shiga jikinsa. Amma wannan hujja ce a kanka. Can akwai cuta da aka tabbatar, akwai awo, akwai likita a tsaye, manufa kuma ita ce a dawo wa mutum da lafiyarsa. Malamai sun halatta gusar da hankali don tiyata saboda lalura, kuma lalura ana auna ta da gwargwadonta, a hannun amintaccen likita da fatawar malamai. Wuƙar likita da wuƙar ɗan daba duk ƙarfe ne, amma ba wanda ke haɗa su.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, sun ce shari'a ta zo ne don kare abubuwa 5: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Malamin Malikiyya, Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, a littafinsa Al-Furuƙ ya kasa masu taɓa hankali kashi 3: mai sa maye tare da nishaɗi kamar giya, mai rikita hankali ba tare da nishaɗi ba, da mai kwantar da mutum har ji da gani su ɗauke. Ya ce haddi na kashin farko ne, sauran kuwa horo ne gwargwadon ganin alƙali. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya fi tsanantawa, ya haɗa wiwi da giya har a haddi. Ka ga saɓaninsu a kan irin hukuncin ne. Amma gusar da hankali da gangan ba lalura, ba wanda ya halatta shi a cikinsu. In kuma aka haɗa da da'awar sanin gaibu, magana ta tashi daga babin saɓo ta shiga babin aƙida.

ADALCI GA WAƊANCAN MUTANE

Kada wani ya fahimci muna yi wa mutanen Mazatek ko Maguzawa dariya. Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta wajabta mana adalci ko ga wanda ba mu shiri da shi, Suratul An'am, aya ta 108, ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Aƙidarsu ɓata ce, wannan ba ma shakka. Amma waɗancan talakawa ne a kan duwatsu, asibiti ya yi musu nisa, suna neman lafiyar 'ya'yansu da abin da suka gada, kuma da yawansu kiran Musulunci bai isa gare su ba. Suratul Isra'i, aya ta 15, ta nuna Allah ba Ya azaba sai Ya aiko manzo. Abin da aka yi wa Mariya Sabina kuwa cin amana ne: an shiga gidanta da sunan neman taimako, aka fita da sirrinta aka kai kasuwa, wasu suka yi suna, ita ta kwashi toka. Musulmi ba ya yarda da wannan ko a kan wa aka yi shi. Maƙwabtanmu Maguzawa da suka rage a kan al'adarsu suna da haƙƙin maƙwabtaka, da gaskiya a ciniki, da kira cikin hikima. Da yawa daga danginsu sun musulunta ne saboda kyawun halin da suka gani.

Amma ka dubi kanka, ya kai saurayi. Su sun yi ne cikin rashin sani, duk da haka suka kewaye abin da ƙa'idoji don tsoronsa. Kai an yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka, ka yi makarantar allo, kana jin kiran salla sau 5 a yini. In ka sha zaƙami a bayan makaranta don abokai su ce ka isa, wane uzuri gare ka? Ba ka bi Annabinka ba, ba ka ma bi mutanen da kake kafa hujja da su ba. Waɗancan baƙin da suka lalata Wautla, su ka bi.

NASIHA

Rahoton 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, fiye da miliyan 1 daga ciki a Jihar Kano. Waɗannan ba baƙi ba ne, ƙannenmu ne da abokanmu. Saboda haka:

1. Kada ka ci naman kaza na daji da ba ka sani ba, domin mai kisa da mara kisa suna kama da juna.

2. Kada ka karɓi abin sha a wurin biki daga hannun da ba ka amince da shi ba. Wanda kuma ya zuba wa jama'a zaƙami da sunan wasa, ya sani in rai ya salwanta, jini na wuyansa.

3. In ka ga ɗan'uwa ya sha, kada a doke shi, kada a ɗaure shi a rana, kada a tsaya cewa aljannu ne. A garzaya da shi babban asibitin Gwarzo ko wanda ya fi kusa, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Wanda abin ya zame masa jiki, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, zuwa can ba abin kunya ba ne.

4. Kada ku kori mai tuba daga sahu. Wanda masallaci ya rufe wa ƙofa, majalisar banza na jiransa.

5. In ƙuncin zuciya ke damunka, rashin aiki, ko rashin abin aure, ka gaya wa mahaifinka ko malaminka, ka kama sana'a ko noman rani komai ƙanƙantarsa. In kuwa ɗanɗanon imani kake nema, hanyarsa sananniya ce: sallar dare, karatun Alƙur'ani da lura, azumin nafila, neman ilimi, da zikirin da ya tabbata daga Annabi. Suratur Ra'ad, aya ta 28, ta gaya mana inda natsuwar zukata take. Wannan hanya tana da tsawo, amma mai binta yana wayar gari ya san sunansa, ya san alƙibla.

Ya ɗan'uwa, hankalin nan aro aka ba ka, za a kuma tambaye ka yadda ka yi da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mana hankulanmu da imaninmu, Ya shiryi matasanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raba mu da shirka da bidi'a, Ya sa mu cika da kalmar shahada muna sane da abin da muke faɗa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.